Tsimin Wuta: Abin da Ya Kamata Mu Koya Daga Gana da Indiya

Wata rana cikin bazara, a lokacin da nake zagayen duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa a ƙasar Wurno, ƙishirwa ta tsayar da ni a wani shago wajen Lahodu. Mai shagon dattijo ne, yana sayar da ruwan sanyi da lemo, yana kuma yi wa mutane cajin waya. A bayan shagon wani ƙaramin janareto yana ta ruri, a ciki kuwa ga wata tsohuwar firiza ta tokumbo wadda murfinta ya daina rufuwa sosai, har sai da aka ɗora mata dutse. Da muka gaisa na tambaye shi kasuwa, sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, abin da munka samu duka, mai ka cinye shi." Na leƙa bayan firizar, na tarar da wata ƙaramar takarda da rubutun wani harshe na Turai wanda ni da shi duk ba ma ji. Abin da na iya ganewa kawai shi ne harafin N, wanda za mu dawo kansa nan gaba.

Tun daga wannan rana nake tunanin wani al'amari da ba kasafai muke tattauna shi ba. Duk lokacin da aka taso da maganar lantarki a Nijeriya, hankalinmu yakan tafi ga ƙarancinsa: a gina sababbin tashoshi, a gyara na Kainji da Shiroro, a ja waya zuwa ƙauyuka. Wannan duk gaskiya ne, babu mai musu. Sai dai akwai ɗaya ɓangaren da muke mantawa da shi, wato irin kayan da muke jonawa da wutar idan ta samu. Wanda yake ɗebo ruwa daga Gulbin Rima da tulu mai huji, ko an kai shi bakin madatsar ruwa ta Goronyo, ba zai cika randarsa da wuri ba. Ra'ayina shi ne, ya kamata masu tsara manufofi a ƙasar nan su dubi yadda wasu ƙasashe suka toshe wannan huji, su auna kayanmu da nasu, sa'an nan su ɗauki abin da ya dace da yanayinmu. Na ce abin da ya dace da yanayinmu, domin kwaikwayo ido rufe shi ma wata asara ce.

Bari mu fara da lissafi mai sauƙi, irin wanda ɗan aji shida na firamare zai iya yi. Ƙarfin wutar da na'ura take ja ana auna shi da wat. Idan na'ura mai wat 1,000 ta yi aiki na awa ɗaya, ta sha yunit ɗaya, wato abin da mita take ƙirgawa. Tsohon ƙwan lantarki mai zare a ciki, mai wat 60, idan aka kunna shi awa 6 kullum, zai sha yunit 131 a shekara. Ƙwan zamani da ake kira LED, mai wat 9, yana ba da haske daidai da wancan, amma yunit 20 kawai zai sha a shekara. Dalili kuwa shi ne, tsohon ƙwan yawancin wutar da yake sha zafi take zama, kaɗan ce take zama haske. Shi ya sa masu kiwon kaji suke ɗumama 'yan tsaki da shi. Haka abin yake ga fanka. Fankar sama da muka saba da ita tana jan kimanin wat 75, alhali akwai sababbi masu wani irin inji na daban da suke ba da iska iri ɗaya da wat 30 ko kusa da haka. Wannan bambanci tsakanin na'urori biyu masu aiki ɗaya shi nake kira tsimin wuta.

To, wa ya kamata ya tilasta wa masu ƙera kaya su yi masu tsimi? Kasuwa ita kaɗai ba ta yin haka, saboda mai saye farashin yau yake gani, ba ya ganin abin da zai biya gobe. Shi ya sa gwamnatoci suka shiga. A Amurka, jihar Kalifoniya ce ta fara kafa wa firiji ƙa'ida a shekarun 1970, daga baya gwamnatin tarayya ta bi sahu, har ta kai firijin da ake sayarwa can a yanzu yana shan kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na abin da na wancan zamani yake sha, ga shi kuma ya fi shi girma. Ƙasashen Tarayyar Turai sun zaɓi manna takarda mai launuka da haruffa daga A zuwa G tun tsakiyar shekarun 1990. Da kamfanoni suka yi ta gasa har kusan kowa ya zama A, sai aka ƙaro A+ da A++ da A+++, mai saye ya rikice, dole a watan Maris na 2021 aka sake jera ma'aunin daga A zuwa G. Japan kuwa a shekarar 1999 ta ɓullo da wata dabara: a dubi na'urar da ta fi kowace tsimi a kasuwa, a mayar da ita ma'aunin da sauran za su cim ma cikin 'yan shekaru. Waɗannan ƙasashe ne masu masana'antu, su suke ƙera kayan da kansu, don haka ba zan daɗe a kansu ba. Mu masu saye ne, kuma darasinmu yana wurin masu saye irinmu.

Gana ce misalin da ya fi kusa da mu. A shekarun 2006 da 2007 ruwan madatsar Akosombo ya ja baya ƙwarai, wuta ta yi ƙaranci, aka shiga rabon ta unguwa-unguwa kamar yadda muka saba a nan. A shekarar 2007 gwamnatin ƙasar ta sayo ƙwayayen lantarki masu tsimi guda miliyan 6, ta raba wa jama'a kyauta, ta karɓe tsofaffin. Abin da aka rage na buƙatar wuta a lokacin da aka fi shan ta, wato da almuru, ya kai megawat 124. Domin mai karatu ya gane girman wannan adadi, tashar Kainji da aka buɗe a 1968 an gina ta ne da ƙarfin megawat 760. Ke nan da sauya ƙwai kawai, Gana ta samu kusan kashi ɗaya bisa shida na Kainji, cikin watanni, ba tare da ta haƙa tushen gini ko ɗaya ba.

Ba su tsaya nan ba. Binciken da Hukumar Makamashi ta Gana ta yi ya nuna cewa firijin gida a ƙasar yana shan kimanin yunit 1,200 a shekara, saboda yawancinsu tsofaffi ne da Turawa suka gama amfani da su. A shekarar 2008 aka yi dokar hana shigo da tsofaffin firiji da na'urorin sanyaya ɗaki, aka ba 'yan kasuwa wa'adi, sa'an nan aka fara aiki da ita sosai a 2013, ana kama kaya a tashar jiragen ruwa ta Tema. Kafin nan, a 2012, an buɗe wani shiri wanda mutum zai kai tsohon firijinsa a yi masa rangwame a kan sabo mai tambarin taurari. Bayan 'yan shekaru, matsakaicin abin da sabon firiji yake sha ya sauko zuwa yunit 385. Bambancin yunit 815 ke nan a shekara. A watan Afrilu na 2024 hukumar da ke kula da harkar lantarki a Nijeriya ta ɗaga kuɗin yunit ga masu rukunin A zuwa Naira 225. A wannan farashi, bambancin ya haura Naira 180,000 a shekara a kan firiji ɗaya tak. Abin lura a nan shi ne yadda aka jero matakan, domin an fara da aunawa, aka sanar, aka ba da mafita, daga ƙarshe aka hana.

Indiya ta bi wata hanya daban. Ta kafa hukumar tsimin makamashi a 2002, ta fara tambarin taurari a 2006, amma abin da ya fi burge ni shi ne shirin UJALA na shekarar 2015. Maimakon a roƙi talaka ya sayi ƙwai mai tsada, sai wani kamfanin gwamnati ya riƙa sayen ƙwayayen LED miliyoyi a lokaci guda, masu ƙerawa suna gasar rage farashi domin su samu kwangila. Ƙwan da ake saye rufi 310 a 2014 ya dawo rufi 38 a 2016, kuma an raba fiye da miliyan 360. Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar albasa a ƙasar Goronyo ya san wannan hikima: farashin mai sayen kashi ɗaya daban, na mai cika tirela daban.

Mu fa? Ba za a ce ba a yi komai ba. An daɗe da sanya tsofaffin firiji da na'urorin sanyaya ɗaki cikin jerin kayan da kwastan suka hana shigowa da su, kuma a shekarar 2017 Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, wato SON, ta fito da ƙa'idoji da tambarin tsimin wuta na firiji da na'urar sanyaya ɗaki da ƙwan lantarki. A takarda, ba mu yi nisa da Gana ba. Amma ina roƙon mai karatu ya shiga kasuwar Sakkwato ko ta kowane gari, ya ƙirga firiji nawa zai gani da wannan tambari, ya kuma tambayi mai shago ma'anarsa. Dokar da babu ɗakin gwaji da ma'aikata a bayanta, wasiƙa ce da aka rubuta ba a aika ba. Haɗarin kuma ya wuce nan, domin duk lokacin da wata ƙasa ta tsaurara ƙa'idarta, kayan da aka kora daga can sai sun nemi inda za su sauka. Ƙasar Sin ta ɗaga ma'aunin na'urorin sanyaya ɗaki a 2020, kuma a wannan shekara wata ƙungiya mai bin diddigin irin waɗannan kaya, mai suna CLASP, ta fitar da rahoton da ya nuna cewa kusan kashi 35 cikin 100 na irin waɗannan na'urori da ake sayarwa a manyan kasuwannin Afirka masu ƙarancin tsimi ne, irin waɗanda ba za a yarda a sayar a ƙasashen da suka ƙera su ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Yanzu bari mu koma ga harafin N na firizar dattijon nan, domin a nan ne kwatance tsakanin ƙasashe yake buƙatar hattara. Ana ƙera firiji ne gwargwadon zafin ƙasar da zai yi aiki. Mai harafin N an yi shi ne domin ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba, mai ST digiri 38, mai T kuwa digiri 43. Duk wanda ya yi watan Afrilu a Rabah ko Wurno ya san zafin rana yakan haura digiri 40, balle a cikin shago mai rufin kwano. Ke nan firizar da aka ƙera domin Jamus, ko da sabuwa ce, injinta ba zai huta ba a Lahodu, zai yi ta aiki yana shan wuta har ya ƙone. Bugu da ƙari, adadin yunit da aka rubuta a tambarin Turai an daɗe ana auna shi ne a ɗakin gwaji mai zafin digiri 25. Haka na'urar sanyaya ɗaki: yawanci ana gwada ta a kan zafin waje na digiri 35, amma Saudiyya, da ta san ƙasarta, takan buƙaci a gwada har a digiri 46. Saboda haka wanda ya ɗauko jadawalin ƙasashe ya ce A ta Turai ta fi tauraro uku na Gana ko na Indiya, bai faɗi komai ba sai ya gaya mana a wane zafi aka yi gwajin. A fannin sanyaya, Sakkwato ta fi kusa da Makka a kan Landan, kuma ma'auninmu ya kamata ya nuna haka. Akwai kuma matsalar hawa da saukar ƙarfin wuta, wadda takan kashe ƙwan LED mara inganci cikin makonni, mai saye ya yi fushi ya koma wa tsohon ƙwansa. Ƙa'idar da ba ta gwada juriyar kaya ga irin wutarmu ba, ba tamu ba ce.

Na san abin da wani zai ce, domin wani ɗalibina ya taɓa faɗa mini a aji: "Malam, ƙauyen da ba ya ganin wuta sai jefi-jefi, ina ruwansa da tsimi?" Tambaya ce mai kyau, amma amsarta akasin abin da yake zato ce. Inda wutar gwamnati ba ta zuwa, mutane da janareto da sola suke rayuwa, kuma babu wutar da ta kai ta ƙaramin janareto tsada. Kafin 29 ga Mayu 2023, lokacin da aka janye tallafin man fetur, lita ba ta kai Naira 200 a farashin gwamnati ba. A watan Oktoba na 2024 ta haura Naira 1,000 a wurare da yawa. Mai sola kuwa kowane wat kuɗi ne a wurinsa tun ranar saye. Fanka mai wat 75 idan ta kwana tana aiki awa 10 tana buƙatar batir da farantin sola fiye da ninki biyu na abin da mai wat 30 take buƙata. Ƙwai biyar na da suna jan wat 300, na zamani biyar wat 45. Sau da yawa wannan bambanci shi ne yake raba gidan da zai iya sayen sola da wanda ba zai iya ba. Saboda haka mutumin Lahodu ya fi na unguwar masu hali a Abuja buƙatar kaya masu tsimi.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ban raina ta ba. Tokumbo tana da araha, sabuwa tana da tsada, dattijon nan kuwa da abin da yake hannunsa ya saya. Idan aka hana tokumbo yau ba tare da wata mafita ba, an rufe masa shago ne kawai. Gaskiya ne araha ba ta ado, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma wanda ba shi da kuɗin ƙwarya ba a yi masa wa'azi da karin magana. Shi ya sa na fifita a haɗa dabarar Gana da ta Indiya: rangwame ga wanda ya kawo tsohuwa, saye da yawa domin farashi ya faɗi, da biya kaɗan-kaɗan ta hanyar ƙungiyoyin 'yan kasuwa, irin yadda adashi yake tafiya. Sa'an nan a fara da ƙwai da fanka, waɗanda kowane gida yake da su, kafin a kai ga na'urar sanyaya ɗaki wadda 'yan ƙalilan ne suke da ita a karkara.

Akwai wani cikas da yake namu na gida. A ƙarshen shekarar 2024 fiye da rabin masu hulɗa da kamfanonin rarraba wuta a Nijeriya ba su da mita, kuɗin ƙiyasi ake kawo musu. Wanda zai biya abu ɗaya ko ya kashe ƙwai ko ya bar shi, me zai sa ya kashe? Shi ya sa za ka ga ƙwai yana ci da rana tsaka a ƙofar gida. Maganar tsimi ba za ta shiga kunnen irin wannan mutum ba sai ranar da aka sa masa mita.

Ba kome ne sai an jira Abuja ba. Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo suna sayen fankoki da ƙwayaye da firiji domin makarantu da asibitoci da ofisoshi. Layi ɗaya a takardar kwangila, cewa ba za a karɓi fanka ko firijin da bai kai ma'auni kaza ba, kuma dole firiji ya zama mai harafin T, ya isa ya sa 'yan kasuwa su fara kawo irinsu. Ina kuma ganin a saka injin ban-ruwa cikin lissafi. Manoman albasa da tafarnuwa da shinkafa a fadamun Rima sun fi kashe kuɗi a kan man inji fiye da a kan kowace na'ura ta cikin gida, amma manomi yana sayen inji ba tare da wata takarda da za ta gaya masa ruwa nawa zai ɗaga da lita ɗaya ba. Indiya tana manna taurari har a kan famfunan ban-ruwa masu aiki da lantarki, babu abin da zai hana mu yi wa namu injuna irin wannan ma'auni.

Na bar abin da ya fi shafar fanninmu zuwa nan. Tambari saƙo ne, saƙo kuwa ba ya isa sai da harshen da mai karɓa yake ji. Takardar da aka rubuta da Ingilishi zalla, dattijon Lahodu ado zai ɗauke ta. Taurari suna da amfani domin ko wanda bai yi boko ba zai iya ƙirga su, amma sai an gaya masa cewa yawan taurari yana nufin ƙarancin shan wuta. Na taɓa jin mai shago yana gaya wa mai saye cewa mai taurari da yawa ita ce mai ƙarfi, don haka ta fi jan wuta. Takardun Naira 200 da 500 da 1,000 suna ɗauke da ajami, kuma miliyoyin mutane da shi suke karanta su. Me zai hana tambarin firiji ya zo da layi biyu na Hausa, boko da ajami, yana cewa wannan na'ura tana shan yunit kaza a shekara? Akwai kuma aikin kalmomi. Jama'a sun riga sun ce na'ura tana "shan wuta" ko tana "jan wuta", kuma "tsimi" kalma ce da kowace uwar gida ta sani, don haka ba mu da buƙatar ƙirƙiro wata baƙuwa mai nauyi a baki. Inda aikin yake shi ne raba wat da haske. Mun saba cewa ƙwai mai wat 100 ya fi mai 60 haske, har muka ɗauka wat ma'aunin haske ne, alhali ma'aunin ci ne. Ma'aunin haske shi ne lumen, kuma tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da kimanin lumen 800. 'Yan kasuwa marasa tsoron Allah sun gane wannan ruɗani, shi ya sa suke buga babban adadin wat a kwalin ƙwan da bai kai haka ba. Cibiyoyin nazarin Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Bayero, tare da gidajen rediyo, su ya kamata su daidaita waɗannan kalmomi kafin kowa ya ƙirƙiri nasa.

Ku da za ku shiga aji ba da daɗewa ba, wannan darasi ne da ba ya buƙatar kayan aiki. Ku sa kowane yaro ya kwafo abin da aka rubuta a jikin ƙwai ko fanka ko dutsen guga na gidansu ko na maƙwabta, ya tambayo awa nawa ake kunna shi, ku yi lissafin yunit tare a allo, sa'an nan su rubuta insha'i da Hausa a kan abin da suka gano. Yaron da babu lantarki a gidansu ya kwafo na fitilar sola ko na shagon cajin waya. Idan akwai mai firiji a garin, ku nemi izininsa ku kai yaran su leƙa bayansa, su nemo harafin nan, su gani ko N ne ko T.